Dakta Trudeau da Zomayensa 15: Taƙaitaccen Tarihin Rayuwarsa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin tarihin wani likita Ba'amurke a wannan fili da aka saba kawo tarihin mawaƙa da marubuta da malaman harshe. To, ga dalili. A shekarun baya wani kawuna ya kamu da tarin fuka. Maganin kyauta ake bayarwa, kuma ya sha shi har tsawon wata shida bai yi fashi ba. Abin da ya tayar wa gidan hankali shi ne, bayan 'yan makonni da fara shan magani sai yunwa ta dawo masa gadan-gadan, alhali shi ne mai nemo abincin gidan, ga shi kuma a kwance. Duk ranar da na raka shi karɓar magani, sai ma'aikaciyar jinya ta fara ɗora shi bisa sikeli ta rubuta nauyinsa kafin ta miƙa masa ƙwayoyin. Bin diddigin wannan sikeli ne ya kai ni ga sunan Edward Livingston Trudeau, wanda ake furtawa kamar Turudo.

Kafin in shiga tarihin, bari in ɗan taɓa abin da ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Mu Hausawa tarin muka duba muka raɗa wa cutar suna. Girkawan dauri kuwa rama suka duba, suka kira ta da kalmar da ke nufin ƙarewa sannu a hankali. Haka su ma mutanen Ingila, sunan da suka daɗe suna kiran ta da shi ma'anarsa cinyewa, wato cutar da ke cinye mutum har ya koma ƙashi da rai. Ke nan tun kafin a san abin da ke haddasa ta, harsuna sun riga sun shaida cewa akwai wata alaƙa tsakaninta da naman jiki.

An haifi Trudeau a birnin Niyok na Amurka ranar 5 ga Oktoba, 1848. Gidan likitoci ya fito ta wajen uwa da ta wajen uba, kuma asalinsu Faransawa ne. Yana ƙarami auren iyayensa ya mutu, sai mahaifiyarsa ta tafi da shi Faransa tare da kakansa, a can birnin Faris ya yi karatun ƙuruciya. Ya komo Amurka a 1865 da niyyar shiga makarantar sojan ruwa. Ana cikin wannan shiri sai yayansa ya kwanta da tarin fuka. Nan take ya ajiye maganar soja ya zama mai jinya, ɗaki guda suke kwana, shi ke ba shi abinci, shi ke gyara masa shimfiɗa. Likitan da ke duba maras lafiyar ya hana a buɗe taga, wai iska za ta tsananta tarin, kuma bai taɓa faɗa wa yaron cewa ana iya ɗaukar cutar ba, domin a wancan zamani mafi yawan likitoci gado suka ɗauke ta. Wata uku ana wannan jinya, yayan ya rasu a watan Disamba na shekarar.

Bayan ya ɗan yi 'yan shekaru yana gwada wannan ya bari, ya gwada wancan ya bari, sai ya shiga makarantar koyon aikin likita a Niyok a 1868, ya gama a 1871. A wannan shekara ya auri Charlotte Beare, ya kama aiki. Daɗin bai daɗe ba. Zazzaɓi da kasala suka riƙa damun sa, a farkon 1873 wani likita mai suna Janeway ya duba shi ya shaida masa cewa cutar ta kama babban sashe na huhunsa na hagu. Shekarunsa 24 a lokacin, kuma ya san ma'anar wannan magana sarai, tun da ya ga yadda ta ƙare da yayansa.

Aka ba shi shawara ya tafi kudu inda ake da ɗumi, ya riƙa hawan doki. Ya je, ya dawo jiki ya ƙara lalacewa. Daga nan ya yanke shawarar tafiya duwatsun Adirondak da ke arewacin jihar Niyok, wani daji mai yawan tafkuna inda ya taɓa zuwa farauta. Ba neman waraka ta kai shi ba, so yake ajali ya same shi a wurin da ransa ke so. Da ya isa masaukin wani mutum mai suna Paul Smith, ko matakala bai iya hawa ba, sai da wani jagoran mafarauta ya sungume shi ya kai shi ɗaki. Amma a wannan bazara abin mamaki ya faru. Ana kwantar da shi cikin kwalekwale ana zagayawa da shi, zazzaɓi ya sauka, bakinsa ya buɗe, ya ci ya ƙoshi, har ya ƙara nauyin kimanin kilo 7. Ya bar dajin, ciwo ya dawo. Ya koma, ya sake samun sauƙi. Ganin haka ya kwaso iyalinsa, a 1876 suka zauna a wani ɗan ƙauye da ake kira Tafkin Saranak, inda dusar ƙanƙara kan rufe hanya a lokacin hunturu. A nan ya yi sauran rayuwarsa, kusan shekara 40.

Shekarar 1882 ce ta sauya masa alƙibla, domin a cikinta ya karanta abubuwa biyu da suka fito daga Jamus. Na farko labarin gidajen jinya na Hermann Brehmer da almajirinsa Peter Dettweiler, waɗanda ke kula da masu tarin fuka da iska mai kyau da hutu da wadataccen abinci. Na biyu kuwa binciken Robert Koch, wanda a ranar 24 ga Maris na shekarar ya sanar da cewa ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa tarin fuka. Wannan rana ce yanzu ake tunawa da ita kowace shekara a matsayin ranar yaƙi da cutar a duniya. Likitocin Amurka da yawa ba su gaskata Koch ba da farko, amma Trudeau ya gaskata. Ya tafi Niyok ya koyi yadda ake rina ƙwayar cutar a gan ta a madubin likita, ya komo gida ya haɗa ɗan akwatin ɗumama da hannunsa, fitilar kananzir ke ba shi zafi. A daren sanyi sai ya tashi ya duba kada fitilar ta mutu. Da wannan akwati ya shiga sahun mutanen farko da suka raini ƙwayar a Amurka.

Sai dai abubuwan nan biyu da ya karanta kamar suna karo da juna. In ƙwayar cuta ce ke kawo ciwon, to me ya haɗa shi da abinci da iska? In kuma yunwa da ƙuncin muhalli ne, to mene ne aikin ƙwayar? Shi kansa, da ƙwayar ke cikin ƙirjinsa, me ya sa yake samun sauƙi a daji ya kuma kwanta a birni? Wannan tambaya ce ya ɗora wa zomaye a shekarar 1886, kuma a ganina ita ce babban aikin rayuwarsa.

Ya samo zomaye 15 ya kasa su uku, biyar-biyar. Kashi na farko ya sa musu ƙwayar cutar, ya rufe su cikin ƙaramin akwati a wani ɗaki mai duhu na ƙarƙashin ƙasa, yana ba su abinci kaɗan. Kashi na biyu bai sa musu cutar ba, amma ya kulle su a cikin rami mai duhu da danshi, su ma abincin ba ya isar su. Kashi na uku ya sa musu cutar daidai da na farko, sannan ya sake su a wani ɗan tsibiri da ke cikin tafkin Spitfire, ga rana, ga iska, ga ciyawa, ga kuma ƙarin abinci da ake kai musu. Cikin wata uku, huɗu daga cikin biyar na akwatin nan suka mutu da tarin fuka. Na cikin rami suka rame ƙwarai, ɗaya ya mutu, amma da aka feɗe su ba a sami cutar a jikin ko ɗaya ba. Na tsibiri kuwa ɗaya kaɗai ya mutu, sauran huɗun suka yi ɓul-ɓul abinsu. Ya wallafa sakamakon a 1887.

Mai karatu ya lura da kashi na biyu, domin a nan hikimar take. Yunwa da duhu sun karya zomayen, amma ba su haifar musu da tarin fuka ba, tun da babu ƙwayar. Ƙwayar kuma da ta sami jiki mai ƙoshi a tsibiri, ta kasa yin ɓarnar da ta yi a cikin akwati. Wato Koch ya yi gaskiya, Brehmer ma bai yi ƙarya ba. Duk da haka ba zan ɓoye rauninsa ba. Zomaye 15 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Haka kuma ya cakuɗa abinci da iska da haske da walwala wuri guda, ta yadda ba a iya cewa ga wanda ya ceci zomayen tsibiri. Akwai ma wani abin dariya: zomayen da suka tsira wuni suke yi suna guje-guje, amma majinyatansa kwanciya yake sa su.

Su wane ne majinyatan? Tun kafin gwajin zomaye ya riga ya fara aikin gidan jinya. Masu kuɗi da ke zuwa dajin hutawa ba su da matsala, talakan birni mai aiki a masana'anta shi ne ba shi da inda za shi. Trudeau ya riƙa bin attajiran da yake dubawa yana roƙon taimako. Jagororin mafarauta, abokansa, suka haɗa kuɗi suka sayi fili a gefen wani dutse, daidai inda yake son tsayawa farautar dila, suka ba shi kyauta. A farkon 1885 aka buɗe wani ɗan ɗaki guda mai jan fenti, wasu mata biyu 'yan gida ɗaya, ma'aikatan masana'anta, suka zama baƙinsa na farko. Dala 5 ake biya a mako, abin da bai kai kuɗin da ake kashewa ba, shi kuwa bai karɓi albashi ba. Ya zaɓi gina ƙananan ɗakuna a warwatse maimakon babban gini guda, don kada majinyata su cunkushe.

Tsarin zaman gidan ba shi da wuyar faɗi. Majinyaci zai wuni a baranda a kishingiɗe, an lulluɓe shi da barguna ko da ana zuba ƙanƙara. Zai ci abinci sau uku mai nauyi, a tsakani kuma ga madara. Ana auna zafin jikinsa, ana kuma ɗora shi a sikeli a kai a kai, domin ƙaruwar nauyi ita ce alamar da kowa ke jira. A wasu gidajen jinya na zamanin abin har ya wuce gona da iri, ana ɗura wa mutane ɗanyen ƙwai da madara kamar ana kiwon ragon layya. Mutane da yawa sun sami sauƙi sun koma bakin aikinsu. Amma a nan ma sai an yi hattara, domin gidan ya fi karɓar waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, irin waɗanda wasunsu za su iya farfaɗowa ko a ina suke. Sunan ƙauyen ya bazu, har marubucin nan Robert Louis Stevenson ya yi hunturun 1887 zuwa 1888 a can ƙarƙashin kulawarsa.

Abin da Trudeau bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, shi ne mene ne a cikin abincin ke yin aikin. Kalmar bitamin ma sai a 1912 aka ƙirƙire ta, shekara uku kafin rasuwarsa. Alhali alamar ta daɗe a fili. A 1848, shekarar da aka haife shi, likitocin asibitin Brompton na Landan sun ba majinyata fiye da 500 man hantar kifi suka kwatanta su da wasu kimanin adadinsu da ba a ba su ba. Waɗanda suka mutu ko jikinsu ya tsananta sun kai kashi 33 cikin 100 a cikin waɗanda ba su sha ba, amma kashi 19 ne a cikin waɗanda suka sha. Sai daga baya aka gane cewa man nan cike yake da bitamin A da bitamin D.

A yau an san cewa abin zagaye yake yi. Rashin abinci mai gina jiki yana raunana garkuwar jiki, sai ƙwayar da ta daɗe a kwance ta farka. Da ta farka sai ta kashe sha'awar abinci, zazzaɓi kuma ya riƙa ƙone abin da ke jikin, mutum ya ƙara ramewa. In aka auna jinin masu cutar, sau da yawa akan tarar bitamin A da bitamin D da sinadarin zink da seleniyam sun yi ƙasa. Wani bincike da aka yi a birnin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa a cikin mutanen da ke zaune gida ɗaya da mai cutar, masu ƙarancin bitamin A sun fi sauran haɗarin kamuwa har ninki goma. Wannan bitamin kuwa ba a nesa yake da mu ba, yana cikin manja da zogale da karas da hanta da ƙwai. Batun ƙarancin jini kuma yana da sarƙaƙiya. Ƙwayar tarin fuka tana buƙatar sinadarin ƙarfe don ta hayayyafa, saboda haka jiki kan ɓoye shi lokacin ciwo, sai gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa ko da ƙarfen yana nan a ajiye. Shi ya sa ba daidai ba ne majinyaci ya kama shan maganin ƙarin jini da ka, ba tare da likita ya duba ba. Akwai kuma bitamin B6, wanda ɗaya daga cikin magungunan cutar, isoniazid, ke ragewa a jiki, har mutum ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa. Don haka ake haɗa wa masu ciki da masu rama da masu ƙanjamau da masu ciwon suga shi.

Mu koma kan mai tarihin. Gwajin da ya yi wa zomaye bai hana cutar shiga gidansa ba. 'Yarsa ta fari, Charlotte, ta kamu tana budurwa, ta sami duk kulawar da ubanta ya sani, madara da iska da hutu, amma ta rasu a 1893. A ƙarshen wannan shekara gobara ta cinye gidansa da ɗan ɗakin gwajinsa. Wani abokinsa, George Cooper, ya ba da kuɗi aka gina sabo na dutse a 1894, wanda shi ne ɗakin bincike na farko da aka keɓe wa tarin fuka a Amurka. A 1904 ɗansa Edward, wanda ya zama likita, ya rasu bayan ciwon sanyin haƙarƙari. Cikin 'ya'yansa huɗu, Francis kaɗai ya rayu bayansa. Da aka kafa ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta ƙasar Amurka a 1904, shi ya zama shugabanta na farko. Ya sha gwada alluran da yake fatan za su zama magani ko rigakafi, har da wadda Koch ya fito da ita a 1890 aka yi ta murna, babu wadda ta biya buƙata. Ciwon ya ci gaba da kwantar da shi yana tashi, har ya rasu ranar 15 ga Nuwamba, 1915, yana da shekara 67. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa a kan gadon jinya.

Maganin da ya nema bai samu ba ya zo bayan kusan shekara 30: streptomycin a 1943, isoniazid a 1952. Gidan jinyarsa ya rufe a 1954 saboda babu sauran masu zuwa. Daga 1956 kuma aka yi wani gwaji a birnin Madras na Indiya, aka raba majinyata biyu, wasu a gidan jinya da abinci mai kyau, wasu a gidajensu na talauci, duk ana ba su magani iri ɗaya. Na gidan jinya sun fi ƙara nauyi, amma yawan waɗanda suka warke kusan ɗaya ne. Wannan gwaji alheri ne babba, domin shi ya buɗe hanyar yi wa miliyoyin mutane magani a gida, ciki har da kawuna. Sai dai a ra'ayina an karanta shi fiye da abin da ya faɗa, aka yi shekaru da dama ana ganin batun abinci tsohon yayi ne. Su ma ƙwayoyin bitamin da aka ɗora wa buri ba su cika ba da abin da aka zata ba. A Mongoliya an ba yara 'yan makaranta bitamin D na tsawon shekara uku a wani gwaji da ya ƙunshi yara fiye da 8,000, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage kamuwa da ƙwayar ba.

Abin da ya yi aiki shi ne abinci kansa. A jihar Jharkhand ta Indiya, daga 2019 zuwa 2022, masu bincike sun bi majinyata 2,800 da mutanen gidajensu fiye da 10,000. Duk majinyatan an ba su magani da abinci. A rabin wuraren kuma aka haɗa har da mutanen gida, kowane baligi kilo 5 na shinkafa da kilo ɗaya da rabi na wani irin wake a wata, tare da ƙwayar bitamin. Sababbin kamuwa da cutar a waɗannan gidaje sun ragu da kashi 39 cikin 100, na huhu da gwaji ya tabbatar kuwa da kashi 48. A cikin majinyatan, waɗanda suka ƙara kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a wata biyun farko, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a 2023, kuma kusan miliyan ɗaya daga cikinsu rashin abinci mai gina jiki ne sila, fiye da abin da aka danganta wa ƙanjamau ko taba sigari. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa.

Sikelin da aka riƙa ɗora kawuna a kai aiki biyu yake yi: da nauyin ake ƙayyade yawan ƙwayoyin da zai sha, da shi kuma ake gane ko jiki na karɓar magani. Dangi ne suka yi karo-karo suka riƙa kai gero da wake da nono gidan har ya miƙe. Shi kuwa ɗan jan ɗakin nan na 1885 yana nan har yanzu a Saranak, a harabar cibiyar bincike mai ɗauke da sunan Trudeau wadda jikansa ya buɗe a 1964. Tsibirin da ke tafkin Spitfire kuma Tsibirin Zomaye ake kiran sa.